Abin da ya fito da aka daina aske ciyawar Kambirij

Duk wanda ya yi makarantar kwana a ƙasar nan ya san langa-langa. Da damina ta kankama, ita ce abokiyar kowane ɗalibi: ka yi laifi a auna maka fili, ba ka yi laifi ba ma ranar Asabar tana jiran ka. Haka muka taso da fahimtar cewa doguwar ciyawa a harabar makaranta alamar sakaci ce, kuma shugaban da ya san aikinsa ana gane shi tun daga bakin ƙofa. Shi ya sa da na fara cin karo da labarin cewa wasu manyan jami'o'in Ingila da Amurka da gangan suke ƙyale ciyawarsu ta tashi, zuciyata ba ta karɓa ba. Sai da na bi diddigin lamarin na ga akwai hujja mai ƙarfi a bayansa, na kuma ga cewa yawancin masu yayata shi suna tsallake sashen da ya fi muhimmanci.

Wurin da ya fi dacewa a duba shi ne Kwalejin King's ta jami'ar Kambirij da ke Ingila, wadda Sarki Henry na shida ya kafa a 1441. Tsakanin shahararren cocinta da kogin Cam akwai wani shimfiɗaɗɗen filin ciyawa da aka tsara tun 1772. Shekara kusan 250 ana aske shi, ana ba shi taki, ana tsige duk wani tsiro da ya kuskura ya leƙo. Ɗalibi ba ya taka shi, bare baƙo. Manyan malaman kwalejin kaɗai ke da wannan izini. A ƙarshen 2019 sai kwalejin ta ware kimanin kashi 40 cikin 100 na filin, ta watsa irin furannin daji, ta janye injin yanka. A tsakiyar 2020, lokacin da annobar korona ta kulle gari, wurin ya cika da fure ja da shuɗi da fari, har hotunansa suka zaga duniya.

Kafin a fahimci girman wannan mataki sai an san mene ne askakken fili a wurin Bature. Asalinsa ado ne na masu hannu da shuni. A ƙarni na 18, attajirin Ingila yakan kewaye gidansa da fili mai faɗi wanda ba a noma komai a cikinsa, don kowa ya ga yana da ƙasar da zai iya bari a banza da kuma barorin da za su riƙa bin ta da lauje. A 1830 wani makaniki mai suna Edwin Budding, daga yankin Stroud, ya ƙera injin yankan ciyawa, bayan ya lura da na'urar da masaƙu ke daidaita gashin yadi da ita. Daga nan abin ya sauko hannun kowa, ya bi Turawan mulki zuwa barikoki da makarantu da filayen folo na ƙasashen da suka mallaka, har ya iso ga langa-langarmu. A Amurka ya wuce misali: wani bincike na 2005 da aka yi da hotunan tauraron ɗan'adam ya ƙiyasta cewa irin wannan ciyawar ado ta rufe murabba'in kilomita kusan 160,000, wato kamar kashi biyu cikin uku na faɗin ƙasar Ghana, kuma ninki uku na gonakin masarar da ake yi wa ban ruwa a can.

Shi askakken fili a ido kore ne shar, amma ga ƙwaro kusan hamada ne. Ciyawa ce iri biyu ko uku, ba a barin ta ta yi kai, ba a barin wani tsiro ya yi fure a cikinta. Babu abin ci, babu maɓoya, babu inda za a ajiye ƙwai.

A ɗaya ɓangaren kuma akwai abin da Ingila ta rasa. A da kowane ƙauye yana da filayen ingirici, inda ake barin ciyawa da furanni su girma tare har tsakiyar shekara, sannan a yanka, a shanya, a adana wa dabbobi saboda lokacin sanyi. Daga shekarun 1930 zuwa shekarun 1980, kashi 97 cikin 100 na waɗannan filaye sun ɓace a Ingila da Wales. An nome wasu a lokacin yaƙin duniya na biyu saboda ƙarancin abinci, wasu kuma takin zamani da sabon salon yankan ciyawa tun tana ɗanya suka canza su. Ƙwarin da suka dogara da su sun bi su. Ba Ingila kaɗai ba: a 2017 aka wallafa sakamakon aikin wata ƙungiyar masu nazarin ƙwari ta garin Krefeld a Jamus, waɗanda suka yi shekara 27 suna ɗana tarko a wurare 63 da doka ta killace. Nauyin ƙwari masu tashi da ke faɗawa tarkonsu ya ragu da fiye da kashi 75 cikin 100. A killatattun wurare ke nan, inda ake zaton suna cikin aminci.

Wani zai ce, to ƙwari ne fa, raguwarsu ai sauƙi ce. Manomi ya fi kowa sanin amsar, ko da bai taɓa faɗar ta da wannan lafazi ba. Gero da dawa da masara iska ce ke kai musu ƙurar fure, ba su da buƙatar kowa. Amma kabewa da kankana da mangwaro da sauran 'ya'yan itatuwa masu yawa, sai ƙwaro ya ɗauki ƙura daga wannan fure ya kai wancan kafin su yi 'ya'yan kirki. Rahoton da wani kwamitin masana na ƙasa da ƙasa ya fitar a 2016 ya nuna cewa kusan kashi uku cikin huɗu na nau'o'in amfanin gonar da duniya ke ci suna dogara da wannan barbara ko da kaɗan ne, haka ma kusan kashi 90 cikin 100 na tsirran daji masu fure. Kuma ba ƙudan zumar amya kaɗai ke aikin ba. A Birtaniya akwai nau'in ƙudan zuma kusan 270, guda ɗaya tak ke yin zumar da muke sha. Sauran galibi masu zaman kaɗaici ne, macen ta haƙa ɗan rami a ƙasa ko ta sami busasshen kara ta ajiye ƙwanta. Ga kuma malam-buɗe-littafi da wasu ƙudaje da buzuzu iri-iri.

To me ya faru a filin King's? Alherin yin abu a jami'a shi ne akwai masu aunawa a kusa. Wata masaniyar tsirrai ta kwalejin, Dakta Cicely Marshall, ta jagoranci ƙidaya tun kafin a shuka, sannan ta riƙa kwatanta sashen furanni da sashen da aka ci gaba da askewa. Sakamakon ya fito a 2023. Nau'o'in tsirrai da gizo-gizo da wasu ƙwari a sashen furanni sun ninka na askakken sashe sau uku. Nauyin ƙananan halittun da ke rayuwa a kan ƙasa ya ninka sau 25. Jemagu masu cin ƙwari, da aka saurari kukansu da na'ura da daddare, sun fi ziyartar sashen furanni sau uku. Wannan na jemagu ya fi komai burge ni, domin yana nuna cewa amfanin bai tsaya a kan fure ba. Abinci ya samu, mai ci ya biyo. An kuma lissafa ragin hayaƙi mai ɗumama yanayi na tan 1.36 a kowace hekta a shekara, galibi saboda an rage kunna inji da zuba taki. Wannan adadi ƙarami ne, bai kamata a gina hujjar a kansa ba.

Yanzu ga sashen da ake tsallakewa. King's ba ƙyale fili ta yi ta koma gefe ba. An gyara ƙasa, an zaɓi irin da ya dace da ita, an shuka. Kuma kowace shekara ana yanka wajen watan Agusta, bayan furanni sun zubar da iri. A 2021 ma manyan dawakan noma aka kawo suka ja na'urar yanka, domin kofato bai kai tayar tarakta danne ƙasa ba. Bayan yanka sai a shanya, a ɗaure dami-dami, a kwashe. Shugaban masu lambun kwalejin na lokacin, Steve Coghill, da mutanensa sun riƙa raba dammunan ga wasu wurare a cikin gari, saboda irin da ke maƙale a ciki ya kafa sabon fili a can.

Kwashewar nan ita ce ƙashin bayan aikin, kuma ta saba wa duk abin da manomi ya sani. Mu mun san ƙasa mai taki ita ce ta kirki. A filin furannin daji akasin haka ne. Idan ƙasa ta ƙoshi, ciyawa mai ƙarfi ce ke cin moriya: ta yi saurin tashi, ta baje, ta yi wa ƙananan furanni inuwa har su mutu. Idan ƙasa ta rame, babu wanda ke iya danne wani, sai tsirrai iri-iri su sami wurin zama. Duk ciyawar da aka yanka aka bari ta ruɓe a wurin taki ce. Duk wadda aka kwashe kuwa an rage wa ƙasar ƙarfi ne kaɗan. Filin da aka yi shekaru aru-aru ana ciyar da shi ba ya ramewa a damina ɗaya, don haka aikin na mai haƙuri ne. Jajayen furannin da suka ƙawata hotunan shekarar farko ma na wucin gadi ne, irin waɗanda ke son ƙasar da aka motsa. A hankali suke ja da baya, masu daɗewa su maye gurbinsu, kuma waɗannan ba su kai su ɗaukar ido ba.

Masu wannan sana'a a Ingila suna da wani mataimaki da zai ba manomin ƙasar Hausa mamaki. Wani tsiro ne mai fure rawaya, wanda idan ya bushe 'ya'yansa ke kaɗawa a cikin kwanso kamar caki. Saiwarsa tana maƙale wa saiwar ciyawa ta tsotse ta, ciyawar ta raunana, furanni su sami sarari. Dangin ƙuduji ne na jini, wuta-wutar nan da ke tsotse dawa da gero. Halin da ya sa muke tsine wa namu shi ne ya sa suke sayen irin nasu suna watsawa.

Saboda haka nake ɗari-ɗari da yadda aka sauƙaƙa saƙon. A 2019 wata ƙungiyar kare tsirrai ta Birtaniya mai suna Plantlife ta ƙaddamar da gangamin No Mow May, ma'ana a ajiye injin yanka tsawon watan Mayu. Dabara ce mai kyau ta jawo hankali, don ba ta neman kuɗi ko ƙwarewa, kuma a Ingila Mayu ne lokacin da ƙananan furannin cikin ciyawa ke buɗewa, ƙwari kuma suna fitowa da yunwa bayan sanyi. Amma wata ɗaya ba ya mai da askakken fili ya zama filin furanni. Idan babu irin fure a ƙasar, doguwar ciyawa kawai za a samu. Idan kuma aka wayi gari ranar ɗaya ga Yuni aka aske komai ƙasa-ƙasa, an kira ƙwari ne an ba su masauki sannan an rushe shi a kansu.

Labarin garin Appleton na jihar Wisconsin a Amurka ya cancanci a faɗe shi yadda yake. A can jami'ar Lawrence take, kuma malamanta na cikin waɗanda suka ja gaba har hukumar garin ta dakatar da dokar tsawon ciyawa a watan Mayun 2020. Gidaje 435 suka yi rajista. Malamai biyu na jami'ar suka wallafa binciken da ya ce ƙudan zuma a filayen da ba a yanka ba sun ninka na sauran sau biyar. Jaridu suka ɗauka, garuruwa da dama suka kwaikwaya suna kafa hujja da wannan adadi. A ƙarshen 2022 aka janye binciken daga mujallar da ta buga shi saboda matsaloli a yadda aka sarrafa bayanan. Har yau za ka ga ana yawo da adadin. Ina goyon bayan wannan tafiya da zuciya ɗaya, shi ya sa abin ke damu na: wanda ya gina gaskiya a kan ginshiƙin da ya ruɓe ya ba abokin hamayya gatari.

Akwai binciken da ya tsaya da ƙafarsa, kuma darasinsa ya fi amfani. A garin Springfield na jihar Massachusetts, Susannah Lerman da abokan aikinta sun karɓi filayen gidaje 16, suka riƙa yanka wasu kowane mako, wasu bayan mako biyu, wasu bayan mako uku. Sun tarar da nau'in ƙudan zuma 93 a waɗannan ƙananan filaye. Na mako uku sun fi yawan fure, har ninki biyu da rabi. Amma ƙudan zuma sun fi yawa a na mako biyu, wataƙila saboda idan ciyawa ta yi tsawo sosai tana rufe gajerun furanni. Ita ma Plantlife daga ƙidayar da jama'a suka yi mata ta gano cewa filin da ake yanka bayan kowane mako huɗu yana ba da ruwan zaƙin fure mai yawa, doguwar ciyawa kuma tana kawo nau'o'in fure dabam, don haka ta shawarci mutane su haɗa biyun. Ke nan tambayar da ta dace ita ce yaushe za a yanka, ina, kuma da wane tsawo. Harabar da ke da gajeren sashe da dogon sashe da ɗan fili tsirara inda masu haƙa rami za su zauna ta fi wadda aka bari gaba ɗaya.

Su ma masu adawa ba duka maganarsu ce ta son zuciya ba. Ɗalibi na buƙatar inda zai zauna da littafinsa, inda zai buga ƙwallo. Jami'ar da ta mai da kowane fili gonar fure ta ƙwace masa wani haƙƙi. Waɗanda aka tambaya a Kambirij sun nuna haka: sun so furannin, amma a haɗe da wurin shaƙatawa. Akwai masu fama da atishawa da ƙaiƙayin ido idan ciyawa ta yi kai. A arewa maso gabashin Amurka ana tsoron kaska mai ɗauke da cutar Lyme, kodayake masu binciken Springfield sun duba ba su ga tsawon ciyawar ya kawo ta a filayen da suka yi aiki ba. Sannan akwai ma'aikatan lambu, waɗanda aka horar shekara da shekaru cewa darajarsu tana cikin santsin fili. Idan aka zo daga ofis aka ce su daina ba tare da an zauna da su ba, za su ji an raina sana'arsu, alhali sabon tsarin ya fi tsohon buƙatar ido da sanin tsiro. Wani abu da masu kula da irin waɗannan filaye suka koya shi ne a aske gefe-gefe tsaf, a fitar da hanya a tsakiya, a kafa allo mai bayani. Da mai wucewa ya ga haka ya san akwai hannu a wurin, ƙorafi sai ya ragu.

Kuskure ɗaya da jami'o'i da kamfanoni ke yawan yi shi ne su ajiye amya a kan rufi su ce sun taimaki ƙudan zuma. Ƙudan amya dabbar kiwo ce, dubbai ne a gida ɗaya. Inda fure ya yi ƙaranci, ƙara su tamkar ƙara garke ne a makiyayar da ta riga ta ƙare. Na daji, waɗanda su ne ke cikin haɗari, su ke kwana da yunwa.

Ba na ganin filin King's zai dawo da abin da Ingila ta rasa. Ƙanƙani ne, kuma babbar matsalar tana gonaki, inda feshi da taki da share shinge ke aiki a kan miliyoyin hekta. Ƙimarsa a wani wuri take. Tun asali manyan gidaje da kwalejoji ne suka koya wa duniya cewa askakken fili shi ne kyau da tsari. Idan ɗaya daga cikin filayen da aka fi ɗauka hoto a Ingila ya sauya kama, kuma aka auna aka ga amfanin, to hukumar ƙaramin gari ko shugaban wata makaranta ya sami abin nunawa idan aka zarge shi da sakaci. Dubban ɗalibai kuma suna wucewa ta gefensa kullum, wasunsu su ne gobe za su tsara birane da dokokin noma.

Mu fa? Kwafar kalandarsu ba za ta yi mana komai ba. A watan Mayu yawancin filayenmu ƙura ce, ciyawarmu da damina take tashi, furanninta su buɗe wajen ƙarshenta. Muna kuma da abin da Kambirij ba ta damu da shi ba: kububuwa da gamsheƙa a kusa da ɗakunan kwana, da gobarar hunturu idan ciyawa ta bushe a tsaye. Babu mai hankalin da zai ce a bar daji a ƙofar aji. Amma buƙatar ƙwarin ta shafe mu kai tsaye. Binciken da aka yi a Burkina Faso da arewacin Ghana ya nuna kaɗanya tana ƙara 'ya'ya idan ƙudan zuma sun ziyarce ta, wani kuma a Burkina Faso ya nuna haka ga auduga da riɗi. Makarantunmu da yawa suna zaune a kan filaye masu faɗi, kuma can nesa da gine-gine akwai sassan da ake sharewa ko a banka wa wuta don kawai an saba. Sanin da ake buƙata ma ba baƙo ba ne a wurinmu. Mai kiwon da ke jiran ciyawa ta ƙosa kafin ya sa lauje, ya shanya, ya ɗaure, ya ɗora a kan rumfa saboda rani, aikin da ya yi shi ne wanda dawakan King's suka yi a watan Agustan 2021.